Zuwa ga Ummi, Kan Tsayuwa a Tsakiya

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi, mai sunan mahaifiyata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, tare da roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin sauka lafiya, kin sami ɗakin da aka yi miki alkawari, kin gano alƙibla, kin sa wani abu mai ɗumi a cikinki. Allah ya tsare ki gaba da baya, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki da kowa.

Gobe zan raka ki filin jirgin da na yi shekara talatin ina sauke kayan mutane a cikinsa. Na san kaina, a can bakina ba zai buɗe ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Da gangan na yi da Hausa. In na yi miki magana da ita da Larabci kike mayar mini, kamar sauran 'ya'yan unguwarmu ta Sihi a nan Madina, kuma ban taɓa ganin laifinki ba. Sai dai akwai maganar da in na faɗe ta da Larabci takan fito kamar ta ofis. Ki karanta a hankali. Kalmar da ta shige miki duhu, ki tambayi mahaifiyarki a waya.

Watanni ke nan kina cika mana kunne da labarin mutumin nan da za ki je ki yi karatu a kansa. Sunansa ya ƙi zama a bakina, amma labarinsa ya zauna. Kin ce shugaban wata ƙaramar ƙasa ne a Turai, ya ga babban yaƙi da idonsa, da aka gama ya ƙi jingina ƙasarsa da Gabas ko Yamma. Kin ce yakan buɗe ƙofarsa ga waɗanda ba sa ga maciji su zo su zauna a tebur ɗaya, a cikin gida kuma ya tsaya wa ma'aikata da marasa ƙarfi. Kin ce ke ma aikin da kike so ke nan, sulhu tsakanin mutane. Ina jin ki ina shan shayina. To ni ban mulki ƙasa ba, Ummi. Mutum ashirin da 'yan kai na taɓa shugabanta, masu sauke jakunkunan alhazai. Amma tsayuwa a tsakiya na gwada ta, na kuma ɓata ta fiye da sau ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Gara ki ji daga bakina.

Ba a haife ki ba lokacin da sharikar da nake wa aiki ta naɗa ni mushrif, wato mai lura da ma'aikata. A ƙarƙashina akwai mutanen Kano, da na Damagaram, da 'yan Sudan, da 'yan Chadi. Ni da ƙanena, baffanki Isa, mu kaɗai ne 'yan ƙasa. Sauran duk da iƙama suke zaune, wato takardar izinin zama, in sharika, kamfanin namu, ta janye hannunta sai jirgi.

Wata safiya, alhazai na tururuwa zuwa ziyara, motar jan kaya ta gogi jikin wani jirgi. Isa ne ke tuƙi. Wani ɗan Chadi mai suna Mahamat ne ke tsaye yana ba shi hannu. Ina wurin, na gani da idona: Mahamat ya ɗaga hannu ya ce tsaya, Isa kuwa hankalinsa yana wani wuri. Da mudiri, wato manajanmu, ya kira ni ofis ya ce, "Ya Saleh, wa ke da laifi?" sai na ji bakina yana cewa mai ba da hannu ne bai tsaya inda ya kamata ba. Ban shirya ƙaryar ba. Fitowa ta yi kamar dama tana jira.

Cikin sati biyu aka soke iƙamar Mahamat. Ranar da zai tafi ya zo ya same ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shugaba, Isa na yafe masa, tsoro ne ya rufe masa baki. Kai kuwa ban sani ba tukuna." Ya ba ni hannu ya juya.

Abin mamaki, haushin abin a kan Isa na sauke shi. In na gan shi sai in tuna abin da na yi, sai na daina son ganinsa. Ya koma unguwar Jurf da iyalinsa, sai Sallah zuwa Sallah muke haɗuwa, gaisuwa sama-sama. Shekara shida muna haka. Mahaifiyarki ce ta gaji wata rana ta ce, "Malam, kana ɗinke wa mutane riga a waje, taka a yage." Na ɗauki mota na tafi Jurf. Da na amayar da abin da ke cikina, Isa ya ce, "Yaya, ni ban roƙe ka ba. Da ka faɗi gaskiya, takardar gargaɗi kawai za a ba ni. Ni wa zai kore ni, zuwa ina?"

Kin ji. Na raba mutum da abincinsa don in kare ƙanena daga takarda. Kowace shekara in jirgin Chadi ya sauka nakan bi alhazai da tambaya ko akwai wanda ya san Mahamat, dogo, mai tabo a haɓa. Har na bar aiki ban samu ba. Ban san ko ya kai ga yafewa ba.

Don haka, Ummi, duk ranar da aka sa ki a tsakanin mutum biyu, kafin ki dubi ɗayansu ki fara duba kanki. Wa kike so ya fita? Akwai wanda kike so, kada ki yaudari kanki. Wataƙila yana sallah irin taki, ko yana jin harshenki, ko fatarsa irin taki ce a ƙasar da irinki ba su da yawa. Wannan ba laifi ba ne, haka aka halicci zuciya. Laifin shi ne ki bar ta ta yi magana kafin ki ankara. In kin ga ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba, a nemo wani. Babu kunya a ciki.

Bayan wannan sai na yi rantsuwa ba zan sake karkata ga kowa ba. Na ɗauka na yi hankali, ashe daga rami na fita na faɗa wani. Na zama ɗan ba ruwana. Aka kawo mini ƙara sai in ce ku je ku sasanta. Na riƙa jin daɗin kaina, ina cewa ni ba na kowa ba ne.

Aka kawo mana sabon mudiri, mai son a ga yana aiki. Akwai wata rumfa a gefen fili inda ma'aikata ke fakewa tsakanin jirgi da jirgi, da tulun ruwan sanyi. Ya ce tana ɓata tsari, aka cire. Ya kuma rage lokacin hutu. Aikin Hajji ya faɗo a tsakiyar zafi a shekarar. Kin san zafin Madina, amma ba ki san shi a kan kwalta ba, da tsakar rana, ga hucin injin jirgi. Takalmi har laushi yake yi.

Ma'aikata suka turo mini dattijon cikinsu, Baba Yakubu, mutumin Damagaram. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ya tsaya a bakin ƙofar ofishina bai shigo ba sai da na ce bismillah. Ya ce, "Malam Sale, kai ne mai baki a nan. Mu in mun yi magana, kayanmu za mu ɗaure. Ka gaya masa a mayar mana da rumfar nan."

Na ce, "Baba, ni a tsakiya nake. Ba na bayan sharika, ba na bayanku."

Ya ɗaga kai ya dubi na'urar sanyaya ɗakin da ke hurawa a kaina. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Lalle tsakiyar nan akwai sanyi." Ya sa hularsa ya fita.

Kwana tara bayan nan ya yanke jiki ya faɗi a gindin jirgi, da jakar wani alhaji a hannunsa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ya tashi rabin jikinsa ba ya motsi. Daga asibiti na wuce ofishin mudiri na ce ko a mayar da rumfa da hutu ko ya nemi wani mushrif. Kin san abin da ya ce? Ya ce, "Tayyib, halas, a mayar. Me ya sa ba ka gaya mini tun farko ba?" Kwana biyu aka kafa ta. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ko harare ni. Kalma ɗaya ake nema, na riƙe ta kwana tara.

Na je na durƙusa gaban gadon Baba Yakubu kafin a mayar da shi gida. Bakinsa ya karkace, da ƙyar ake gane maganarsa. Ya dafa kaina da hannun da ke aiki ya ce, "Sun sami inuwa?" Na ce sun samu. Ya ce, "To alhamdu lillahi." Bai ƙara komai ba, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ki riƙe wannan da kyau, don ina jin shi ne inda masu irin aikinki suka fi zamewa. Rashin ɗaukar ɓangare daban, rashin magana daban. In ƙato ya danne ƙaramin mutum kika tsaya kika ce ba ruwanki, ai kin zaɓa, da ƙaton kike. Na lura ko mutumin naki, yadda kika ba mu labarinsa, ƙin shiga rundunar kowa bai sa ya kama bakinsa ba. Kuma ki riƙa tambayar kanki, wannan tsakiyar da nake tsaye, wa take wa daɗi? In kin ga ke kaɗai ke shan sanyinta, ki sake dubawa.

Na uku kin san mutanensa, don sun sha cin abinci a gidanmu: Adam da Tijjani, 'yan Sudan ɗin nan masu jin Hausa, waɗanda kakanninsu suka yada zango a can a hanyar Makka kamar yadda namu suka ƙaraso nan. Shekara goma sha suna ci a faranti ɗaya. Ina dab da ajiye aiki yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu. Kowa ya manne da wayarsa. Aka shiga garin su Adam, aka kashe yayarsa a ƙofar gidanta. Ɓangaren da ya shiga garin kuwa, akwai 'ya'yan 'yan'uwan Tijjani a cikinsa, kowa ya sani. Daga ranar faranti ya rabu. In ɗaya ya shigo, ɗaya ya fita. Sauran ma'aikata suka fara rabuwa gida biyu a bayansu.

Ni kuma a lokacin ina ganin na ƙware, furfura ta fito, ana ce mini mai sulhu. Bayan sallar Azahar na tsayar da kowa a masallacin ma'aikata. Na jawo aya, na jawo hadisi, na ce muna maƙwabtaka da Manzon Allah, ba zai yiwu a yi gaba a garinsa ba. Na ce su tashi su yi musafaha. Tijjani ya miƙo hannu da sauri. Adam ya daɗe, sannan ya miƙa, don ba ya iya musa mini a gaban jama'a. Aka yi kabbara, na koma gida ina gaya wa mahaifiyarki na kashe wuta.

Washegari Adam ya kawo takardar neman a canja masa wurin aiki. Na ce, "Haba Adam, ba jiya muka gama ba?"

Ya ce, "Kai ka gama, Baba Sale." Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ka yi magana ta fi rabin awa. Ka tambaye ni sunanta kuwa?"

Wallahi ban tambaya ba. Na yi masa ta'aziyya kamar kowa, amma ban san sunan matar ba, ban san 'ya'yanta nawa ba. So nake a daina ɓata mini wurin aiki, na kira shi sulhu.

Ranar Juma'a na je ɗakinsa. Na zauna a kan tabarma na ce, "Yaya sunanta?" Ya ce Hawwa. Daga nan bai tsaya ba har aka kira La'asar. Ita ta goye shi, ita ta sayar da awakinta ya sami na jirgi ya zo nan. Ban jawo aya ko ɗaya ba, kunne kawai na ba shi. Wani satin na je wurin Tijjani, shi ma na saurara. Ashe kunya ce ke cinsa, da tsoro, don ɗan ƙanwarsa tilas aka sa shi ya ɗauki bindiga, kuma an daina jin ɗuriyarsa. Ban ɗauki maganar wannan na kai wa wancan ba. Ban taɓa ce musu ga mai gaskiya a yaƙin ba, don ban sani ba, kuma ba ƙasata ba ce. Amma na gaya wa Tijjani abu ɗaya ƙarara: kisan Hawwa zalunci ne ko wa ya yi shi, kuma Adam yana bukatar ya ji haka daga bakinka, ba a gaban jama'a ba, ba kuma don na ce ba.

Ya ɗauki watanni kafin ya je. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Har yau ba su koma faranti ɗaya ba. Amma suna gaisawa, suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a sahu, kuma da aka sami labarin yaron nan yana raye, Adam ya taka ya je ya yi masa barka. Iyakar abin da aka samu ke nan, na kuma koyi kada in raina shi.

Kada ki yi gaggawar haɗa hannaye, Ummi. Miki in aka rufe shi ba a wanke ba, ciki yake ci. Wanda aka yi wa rashi, ki fara sanin sunan wanda ya rasa. Kuma kada ki sa mutum ya yafe a gaban taro, kunya ce za ta yafe ba shi ba. In rabin sulhu kika samu, ki karɓa ki gode wa Allah. Za a daɗe ba a yaba miki ba, wani lokaci duka ɓangarorin biyu za su ce kin sayar da su. Ki duba zuciyarki, in ta ce ba ki sayar ba, ki ci abincinki ki kwanta.

Saura ɗaya, shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa, don bai tsufa ba.

Wata uku da suka wuce, ranar Juma'a bayan an ci abinci, kika kawo takardar karɓarki a jami'ar kika ajiye a gabana. Yayanki Nasir ya ɗauka ya karanta, ya ce mace ita kaɗai a Turai, me mutanen unguwa za su ce, ba ga jami'o'i nan a gida ba. Ya faɗi maganganu har da waɗanda ba su dace ba. Sai kika ɗago kai. Ni kika kalla. Na ga kallon, Ummi, kada ki ɗauka ban gani ba. Na juya kofin shayina na ce, "Ku sasanta tsakaninku." Kika ɗauki takardarki kika shiga ɗaki, mahaifiyarki ce ta tsaya miki. Daga baya duk abin da aka ce in yi na tafiyar na yi, amma ban taɓa buɗe baki na ce na yarda ba. Kin yi ta shirya kaya wata uku ba ki san ko ubanki yana murna ko haƙuri yake yi ba.

Tsoho da furfurarsa, bayan duk abin da na lissafa miki, na sake komawa ba ruwana. Kuma ba maganar mutane nake tsoro ba. Ɗakinki nake tsoro in wuce in gan shi a rufe. Na bar Nasir ya faɗi abin da zai tsayar da ke, don kada a ce ni na faɗa. Ki yafe mini.

Jiya da kika fita sallama da ƙawayenki na kira shi falon nan, na zaunar da shi inda ya zauna a ranar. Na ce masa tafiyar Ummi da yardata ce, da albarkata, duk mai magana a unguwa a turo shi wurina. Sai ya ce, "Baba, da ka faɗi haka tun ranar, da ban ƙara ko kalma ba. Na ɗauka abin da kake so nake faɗa." Shi ya sayo babbar rigar sanyin da za ki gani a saman akwatinki. Ya ce kada a gaya miki, ni kuwa na gaji da riƙe magana. In kin sauka ki kira shi, shi ma tsoro yake ji irin nawa.

To ga shi a rubuce, don ki riƙa dubawa ranar da abin ya yi miki nauyi: ina bayanki. A wannan ba na tsakiya. Na yarda da tafiyarki, ina alfahari da ke, kuma mai sunanki da tana raye da ta yi guɗa har a ji a Jurf.

Ki kula da sallarki ko da lokutan can sun rikice miki. Ki ci abinci, kin san halinki in karatu ya kama ki. Ki gaida mai share muku ɗakin karatu da sunansa. In kewa ta taso kada ki daure ke kaɗai, ki kira, ko da Larabci ne zan amsa.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare mutuncinki da imaninki, ya sa gaskiya a bakinki lokacin da faɗinta ke da wuya, ya ba ki haƙurin saurare. Ya sa hannunki ya zama sanadin kwanciyar hankalin waɗanda ba ki ma san su ba tukuna. Duk asubar da na shiga masallacin Harami zan ambace ki da sunanki. Na ba Allah ajiyarki, shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, tana nan kusa da ni tana cewa in rage tsawo kada in sa ki kuka a jirgi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Babanki,
Sale